Daga Kazar Rous Zuwa Ƙwayar Glivec: Yadda Binciken Ƙananan Halittu Ya Karya Lagon Wata Sankarar Jini



Akwai kalmomin da idan likita ya furta su ɗaki kan yi tsit, kuma kansa, ko ciwon daji, ko sankara, tana sahun gaba a cikinsu. Duk gidan da aka taɓa jinyar wannan cuta sun san abin da ke biyo baya: doguwar tafiya zuwa asibitin koyarwa, ƙarin ruwan maganin nan da ake kira kimo, amai, zubewar gashi, ramewa, sannan sayar da gona ko fili domin a ci gaba da jinya. Wahalar kimo tana da dalili. Galibin magungunansa suna afka wa duk wani sashe na jiki da ke saurin girma ne, ba tare da tantance mai cuta da mai lafiya ba, shi ya sa tushen gashi da fatar cikin baki da hanji da ɓargo suke shan duka tare da ciwon. Misalinsa kamar manomin da ciyawa ta dame shi ne, ya cinna wa gonar wuta.

Sai dai akwai wani nau'in sankarar jini da labarinsa ya sauya baki ɗaya. Likitoci suna kiransa CML a taƙaice, wato sankarar ɓargo mai tafiyar hawainiya. Kafin shekarar 2001, wanda aka gano yana ɗauke da ita yawanci shekara 3 zuwa 5 suka rage masa. A yau, da ƙwayar magani guda da ake haɗiya kullum, mutane da yawa suna tsufa tare da ita, suna kasuwancinsu, suna aurar da 'ya'yansu. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa tsawon rayuwar masu wannan cuta ya kusa kamo na sauran jama'a. Wannan magani ya san abin da yake nema a cikin jiki, kuma can yake nufa kai tsaye. Abin mamakin shi ne, hanyar da aka bi aka kai gare shi ta faro ne daga wata kaza, ta ratsa ta kan ƙwayoyin cutar bairos da bakteriya, ta hannun mutanen da galibinsu ba maganin sankarar jini suke nema ba.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu daidaita kan wasu kalmomi. An gina jikin ɗan Adam da wasu ƙananan tubala masu rai da ido ba ya gani, su ne ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani siririn zare mai suna DNA, wanda da za a warware shi zai kai kimanin mita 2, an naɗe shi cikin dunƙule 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Zaren yana da gaɓoɓi kamar rake, kowace gaɓa tana ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, furotin ɗin kuwa su ne ma'aikatan jiki. Irin waɗannan gaɓoɓi sun kai kimanin 20,000, kuma a nan za mu kira su gaɓoɓin gado. Ita kanta hujjar cewa DNA ne ke ɗauke da gado, daga bakteriya ta fito. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa biyu a Cibiyar Rockefeller ta birnin Niyok suka tace DNA daga nau'in bakteriyar ciwon huhu mai kisa, suka zuba wa nau'in da ba ya kisa, sai ya rikiɗe ya ɗauki siffar na farkon, zuriyarsa ma ta gaji hakan. Masu bincike sun so ƙananan halittu ne saboda sauƙinsu: gaɓoɓinsu kaɗan ne, kuma wata bakteriyar tana rabuwa biyu duk minti 20, ta yadda a dare ɗaya mutum zai ga kaka da jika da tattaɓa-kunne har zuriya ta talatin.

Kazar da aka yi wa dariya

A 1909 aka kai wa wani matashin likita mai suna Peyton Rous, a waccan cibiya ta Rockefeller, wata kaza mai ƙari a ƙirji. Rous ya yanki ƙarin ya niƙa shi, ya tace ruwan da matata mai ƙananan ƙofofi, waɗanda ƙwayar halitta ko bakteriya ba za ta iya ratsawa ba, sannan ya yi wa lafiyayyun kaji allurar wannan tataccen ruwa. Sai ga ƙari ya tsiro musu. A 1911 ya sanar cewa akwai wani abu mai matuƙar ƙanƙanta da ke haddasa sankara a kaji, abin da daga baya aka tabbatar bairos ne, aka kuma sa masa sunansa. Manyan masana na zamanin suka yi watsi da batun, suna cewa larurar kaji ce da ba ta da alaƙa da mutum. Rous ya ajiye aikin na kusan shekara 20. Bai karɓi kyautar Nobel a kansa ba sai a 1966, shekara 55 bayan sanarwar, yana ɗan shekara 87.

Darajar bairos ɗin Rous tana cikin talaucinsa. Gaɓoɓin gado 4 kacal gare shi. Neman gaɓar da ta lalace a cikin 20,000 na ɗan Adam, da kayan aikin wancan zamani, daidai yake da neman allura a cikin rumbun gero, amma a cikin 4 abu ne mai yiwuwa. A 1970 wani matashin mai bincike a jami'ar Berkeley, Steve Martin, ya samo wani gurɓataccen nau'i na wannan bairos mai hali na ban mamaki. Idan aka ajiye ƙwayoyin halittar kaza da ya shiga a zafin digiri 36, sai su haukace su yi ta hawan juna kamar sankara. Idan aka ɗaga zafin zuwa 41, sai su natsu su koma siffarsu ta asali, alhali bairos ɗin yana nan yana hayayyafa. Ma'anar haka ita ce furotin guda ne, daga gaɓa guda, yake kunna sankarar, kuma dole ya ci gaba da aiki kafin ita ma ta ci gaba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin duk ginin maganin da ke saiti a kansa ya tsaya: idan abu guda ne ke riƙe da cutar, toshe shi zai iya kwance ta. An sa wa gaɓar suna src.

Sai kuma 1976, lokacin da Michael Bishop da Harold Varmus a San Francisco, tare da Dominique Stehelin da Peter Vogt, suka je neman asalin wannan gaɓa, suka same ta inda ba a zata ba: a cikin DNA na lafiyayyar kaza da bairos bai taɓa shiga ba. Daga baya aka same ta a sauran dabbobi har da mutum. Ashe gaɓar ta kazar ce tun asali, tana da aikinta na halal wajen tsara girman jiki. Bairos ɗin ya sace ta ne a wani zamani da ya shuɗe, ya ɓata ta, yake yawo da ita. Wannan ya juya fahimtar sankara gaba ɗaya. Irin cutar yana cikin gaɓoɓin da kowa ke ɗauke da su, kuma tana tashi ne idan ɗayansu ya lalace, ko bairos ne ya lalata shi, ko hayaƙin taba, ko gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu mai danshi, ko kuskuren kwafi yayin da ƙwayar halitta ke rabuwa. Bishop da Varmus sun karɓi Nobel a 1989.

Daga nan aka bi sauran bairos masu jawo ƙari a dabbobi ɗaya bayan ɗaya, kowanne aka kama shi da kayan sata. Gaɓar ras ta fito daga bairos ɗin ɓeraye, myc da erbB daga na tsuntsaye, kit daga na kyanwa. Wata kuma, wadda labarinmu ya rataya a kanta, ta fito daga bairos ɗin da Herbert Abelson ya gano a ɓeraye a 1970, aka yanki farkon sunansa aka kira ta ABL. Masu bincike suka gano a wajajen 1980 irin aikin da furotin ɗin src yake yi: ɗan wani dangi ne da ake kira kaines, waɗanda suke tamkar makunnin lantarki a cikin ƙwayar halitta, suna ba da umarnin a rabu ko a dakata. A lafiyayyen jiki makunnin yana kunnuwa ya kashe gwargwadon buƙata. A sankara yakan maƙale a kunne. ABL ma ɗan wannan dangi ne.

A nan ya dace a yi wa Rous adalci, domin wasu sankarorin mutane bairos ne ke jawo su kai tsaye, kamar sankarar hanta da ke biyo bayan ciwon hanta nau'in B, da sankarar bakin mahaifa, kuma dukkansu biyun akwai allurar rigakafin bairos ɗin da ke haddasa su. Amma CML ba ta cikin wannan rukuni. Bairos ya zama ɗan jagora ne kawai da ya nuna gidan.

Kuromosom ɗin Filadelfiya

Tun a 1960, can a birnin Filadelfiya, likita Peter Nowell da wani ɗalibin digiri na uku, David Hungerford, suka duba jinin masu CML a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, suka lura cewa ɗaya daga cikin kuromosom ɗinsu ya gajarce. Sun ga haka a majinyata 7 cikin 7. Aka sa wa guntun sunan birnin, amma babu wanda ya san inda ragowar ta tafi. Sai a 1973 Janet Rowley ta jami'ar Shikago ta warware matsalar. Uwa ce mai 'ya'ya huɗu, tana yanke hotunan kuromosom da almakashi tana jera su a kan teburin cin abinci na gidanta. Ta gano cewa ba ɓacewa guntun ya yi ba, musaya aka yi: kuromosom na 9 da na 22 sun karye, kowanne ya ɗauki wutsiyar ɗan'uwansa. Tsakanin 1982 da 1985, masu bincike a Holan da Amurka da Isra'ila suka gano abin da ke daidai mahaɗar. Gaɓar ABL ce, wadda aka sani daga bairos ɗin ɓeraye, ta baro gidanta a kuromosom na 9 ta manne da wata gaɓa mai suna BCR a na 22. Haɗuwar ta haifi wani sabon furotin, BCR-ABL, makunnin da ba ya kashewa. Shi ke sa ɓargo ya yi ta aman fararen ƙwayoyin jini, har adadin da ya kamata ya tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 a ma'aunin ɗakin gwaji ya haura 100,000. A 1990 George Daley da abokansa a ɗakin binciken David Baltimore suka saka wannan gaɓa ita kaɗai a ɓargon ɓeraye, sai ɓerayen suka kamu da cuta irin CML. Shekara 30 ke nan daga ganin guntun kuromosom zuwa tabbatar da laifinsa.

Sanin mai laifi daban, kama shi daban. Jikin mutum yana da kaines sama da 500, kuma dukkansu da makamashi iri ɗaya suke aiki, wani sinadari mai suna ATP da ke shiga wani ɗan aljihu a jikin furotin. Tunda aljihunan sun yi kama da juna, yawancin masana suna ganin duk maganin da zai toshe ɗaya zai toshe saura, ya kashe majinyaci. Nan ma bakteriya ce ta fara buɗe ƙofa. A 1977 masanin Japan Satoshi Omura, wanda kuma bincikensa ne ya kai ga maganin makantar rafi da aka daɗe ana rabawa a ƙauyukanmu, ya tace wani sinadari daga bakteriyar cikin ƙasa, aka kira shi staurosporine. A 1986 aka gano yana toshe kaines da ƙarfin gaske. Bai yi amfani a matsayin magani ba saboda ba ya zaɓe, amma ya tabbatar cewa ƙaramin sinadari yana iya shiga wannan aljihu. Wasu masana a kamfanin Ciba-Geigy da ke Basel ta ƙasar Suwizalan, cikinsu har da Nicholas Lydon da Jürg Zimmermann da Elisabeth Buchdunger, suka shiga ƙera sinadarai suna gyara su kamar maƙeri yana goge mabuɗi, har a 1992 suka samu wanda ya dace da aljihun ABL da na wasu kaines ƙalilan, ya ƙyale sauran.

Wanda ya ɗauki sinadarin ya kai shi bakin gadon majinyata shi ne Brian Druker, likitan sankara a birnin Portland na jihar Oregon. A 1996 ya nuna cewa a ɗakin gwaji yana rage yaɗuwar ƙwayoyin CML da sama da kashi 90 cikin 100, ba tare da ya taɓa lafiyayyu ba. Kamfanin, wanda a shekarar ya haɗe da wani ya zama Novartis, bai yi hanzari ba, domin cutar ba ta da yawa kuma ana ganin kasuwarta ƙarama ce. A watan Yunin 1998 aka fara gwaji a kan mutanen da maganin da ake da shi a lokacin ya gaza musu. Daga cikin 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, 53 jininsu ya koma daidai, galibi cikin makonni huɗu. Labari ya bazu, majinyata suka tattara dubban sa hannu ta intanet suna roƙon a ƙara yawan abin da ake ƙerawa. Ranar 10 ga Mayun 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, bayan nazarin da bai kai wata uku ba. Sunansa na asali imatinib, na kasuwa kuma Glivec. Babban binciken da ya bi majinyata tsawon lokaci ya samu kashi 89 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, kimanin kashi 83 kuma bayan shekara 10. A 2002 aka amince da shi ga wani ƙari na ciki da hanji da ake kira GIST, wanda kimo ba ya yi wa komai, saboda makunnin da ya maƙale a cikinsa shi ne kit, wancan da aka kama a hannun bairos ɗin kyanwa.

Idan cuta ta bijire

Ba a daɗe ba aka fara ganin wasu majinyata, musamman waɗanda cutar ta yi nisa kafin su fara, suna warwarewa sannan ta dawo. Bayanin wannan ma an riga an rubuta shi da bakteriya tun 1943. A shekarar, Salvador Luria da Max Delbrück suka yi wata tambaya: idan aka zuba wa bakteriya bairos mai kashe ta, 'yan kaɗan ɗin da ke tsira sun koyi kare kansu ne bayan harin, ko kuwa dama can sun bambanta? Suka raini bakteriya a ƙananan kwalabe masu yawa, kowace daban, sannan suka zuba wa kowace bairos suka ƙirga masu tsira. Da koyo ne, da adadin ya zo kusan ɗaya a dukkan kwalaben. Amma sai aka samu wasu babu ko ɗaya, wasu 'yan kaɗan, wata kuma ɗaruruwa. Wato sauyin yana faruwa ne tun kafin harin, ta hanyar kuskuren kwafi, kuma kwalbar da ya faru a cikinta da wuri ita ce ta tara zuriya mai yawa. Harin ya share saura ne kawai ya bar musu fili.

Haka abin yake a jikin mai CML. Lokacin da aka gano cutar yana ɗauke da ƙwayoyinta kimanin tiriliyan ɗaya, kuma a cikin taro irin wannan ba wuya a samu waɗanda suka ɗan bambanta. A 2001 Charles Sawyers da ɗalibansa a Los Angeles suka karanta gaɓar BCR-ABL ta majinyatan da cutar ta dawo musu, suka ga harafi ɗaya tak ya sauya, a gurbi na 315 na furotin ɗin. Wannan ya ɗan canja siffar aljihun, mabuɗin ya daina shiga, amma ATP yana shiga. Sanin haka ya sa aka ƙera wasu mabuɗan: dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, sai ponatinib a 2012 wanda yake iya shawo kan wancan sauyi na gurbi na 315, da asciminib a 2021 wanda ya bar aljihun ATP ya kama wani wuri daban.

Darasin Luria da Delbrück yana da fassara ta cikin gida. Gwargwadon yawan ƙwayoyin cuta da tsawon lokacin da aka bar su suna hayayyafa, gwargwadon damar fitowar mai bijirewa. Don haka jinkirin zuwa asibiti yana da tsada, tsallake magani ma haka. A asibitin Hammersmith na Landan an bi majinyata 87 da kwalbar magani mai na'urar ƙirga buɗewa, aka wallafa sakamakon a 2010. Waɗanda suka sha sama da kashi 90 cikin 100 na maganinsu, kimanin kashi 94 daga cikinsu sun kai matakin da cutar ta kwanta sosai. Waɗanda suka gaza haka, kimanin kashi 28 ne kawai suka kai. Layin da ya raba rukunin biyu shi ne tsallake kimanin kwana uku a wata.

Yadda ake auna kwanciyar cutar shi ma bashi ne da ake bin ƙananan halittu. Gwajin da ake kira PCR yana kwafar ɗan guntun DNA sau miliyoyi har a iya ganinsa, kuma yana iya zaƙulo ƙwayar CML guda a cikin lafiyayyu kusan 100,000. Furotin ɗin da ke yin kwafin an samo shi ne daga wata bakteriya da ke rayuwa a zafin digiri 70, wadda Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze, ɗan digirin farko a lokacin, suka ɗebo daga wani marmaro mai zafi a gandun Yellowstone na Amurka a 1966. Matakin farko na gwajin kuma yana buƙatar wani furotin da Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970 a cikin bairos ɗin kazar Rous da danginsa. Na'urar GeneXpert da aka sani a asibitocinmu wajen gwajin tarin fuka tana iya yin gwajin BCR-ABL idan aka samu kwanson gwajin da aka yi dominsa.

A ganina, babban abin da wannan tarihi ya bayyana shi ne kansa ba cuta ɗaya ba ce. Imatinib da ya yi abin al'ajabi a CML ba ya tsinana komai ga mafi yawan sankarar mama ko ta hanta ko ta mafitsara, domin makunnin da ya maƙale a cikinsu daban ne, kuma sau da yawa ba ɗaya ba ne. Ko a sankarar mama, maganin trastuzumab da aka amince da shi a 1998 yana amfanar matan da ƙarinsu ke da yawan furotin HER2 ne kawai, kimanin ɗaya cikin biyar ko shida, kuma HER2 ɗan'uwan erbB ne na bairos ɗin tsuntsaye. Gaɓar ras kuwa, da aka gano ta lalace a sankarar mutum tun 1982, sai a 2021 aka samu magani na farko da ke kama wani nau'i guda nata. CML ta yi sa'a ne da laifin ya taru a wuri ɗaya. Saboda haka duk wanda ya zo da kwalba ɗaya, a rediyo ko a Facebook ko a bakin kasuwa, yana cewa tana warkar da kowace irin kansa, ya faɗi abin da shekara ɗari na bincike suka ƙaryata. Haka nan idan likita ya nemi a yanki tsokar ƙari ko a ɗebi ɓargo a kai gwaji kafin ya rubuta magani, ba ɓata lokaci ko kuɗi yake yi ba, saiti yake nema.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗin ji. Lokacin da Glivec ya fito a Amurka, maganin shekara guda ya kai kimanin dala 26,000. Zuwa 2016 ya haura dala 120,000, duk da cewa ƙwayar ba ta canja ba. A 2013 likitocin CML sama da 100 daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu a wata maƙala suna sukar tsadar. A ranar 1 ga Afrilu na wannan shekarar kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin haƙƙin mallaka a kan samfurin da ya nema, wanda hakan ya bar kamfanonin ƙasar suka ci gaba da ƙera mai araha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka imatinib a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Adalci kuma ya sa a ambata cewa kamfanin, tare da gidauniyar Max, ya daɗe yana raba maganin kyauta a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya shirin ya fara a 2003 ta asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wanda ya zama babbar cibiyar rabon. Magani kyauta ne, amma mai tasowa daga Maiduguri ko Sakkwato ya san kuɗin mota da masauki da gwaji ba kyauta ba ne.

Ga iyalai, alamomin CML sukan ɓoye a cikin abubuwan da aka saba gani: kasala, gumin dare, ramewa, saurin ƙoshi, da nauyi ko kumburi a gefen hagu na ciki saboda saifa ta girma. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kumbura saifa, da sauƙi a ɗauka shi ne, a yi ta shan maganinsa ko a kai wa wanzami ya yi tsaga, alhali gwajin ƙirgar jini mai sauƙi zai nuna abin da ake ciki. Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare ko zaman aure. Ba a kuma gadonta, domin musayar kuromosom ɗin tana faruwa ne a ƙwayar ɓargo guda bayan an haifi mutum, ba ta cikin abin da uba ko uwa ke miƙa wa ɗa, don haka babu dalilin fasa neman aure a gidan da aka samu mai ita. Abin kiyayewa shi ne juna biyu: imatinib yana iya cutar da ɗan tayi, kuma wajibi ne mace ta tattauna da likita kafin ta ɗauki ciki. Maganin tarin fuka na rifampicin yana rage ƙarfinsa ƙwarai, wasu saiwoyi da ganyayyaki ma suna taɓa hantar da ke sarrafa shi, don haka kada a ɓoye wa likita duk abin da ake sha. Wani bincike a Faransa ya nuna a 2010 cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda cutar ta ɓace daga gwajinsu tsawon shekara biyu ko fiye sun iya daina maganin ba ta dawo ba, amma hakan sai da sa idon likita da gwajin PCR a kai a kai, domin sauran ta dawo musu, galibi cikin wata shida.

Tambayar da ke yawan tasowa idan Ramadana ya gabato ita ce ta azumi. Rangwamen da Shari'a ta yi wa mara lafiya sananne ne, kuma wanda ke farkon jinya ko jininsa bai daidaita ba, likitansa ne zai faɗa masa matsayin jikinsa. Ga wanda cutarsa ta kwanta, magungunan sun bambanta. Imatinib galibi sau ɗaya ake sha a rana, tare da abinci da ruwa mai yawa, don haka da shawarar likita ana iya mayar da shi lokacin buɗa-baki. Nilotinib kuwa sau biyu ne, da tazarar kimanin awa 12, kuma ba a cin komai awa biyu kafinsa da awa ɗaya bayansa, abin da ke da wuyar shiga tsakanin magariba da sahur. Mai shan sa ya je wurin likitansa tun cikin Sha'aban a tsara yadda za a yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.